Mota Mai Ɗaki a Hanyar Hamada

Duk wanda ya yi wayo a Agadas, ko Tawa, ko Damagaram cikin shekarun 1970 da 1980 ya san su. Da sanyi ya kama, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, sai a fara ganin waɗansu motoci suna gangarowa daga arewa, sun yi butu-butu da ƙura, an jera bidodi bisa rufinsu, an ɗaure waɗansu falankan ƙarfe masu huji-huji a gefe, tagoginsu kuma da labule kamar ɗakin amarya. In aka buɗe ƙofa, yara su yi caa suna leƙe: ga gado, ga murhu, ga ma'ajiyar kwanoni, wani lokaci har da ɗan famfon wanke hannu. Nasara da matarsa su sauko, fuska jawur, leɓe duk ya tsattsage, su nemi inuwa. Makonni ke nan da suka baro Faransa ko Jamus, suka ƙetare teku cikin jirgin ruwa, suka ratsa Aljeriya har Tamanraset, suka yi kimanin kilomita 400 zuwa In Gezam, suka shigo ta Asamaka, daga nan kuma kilomita wajen 200 babu kwalta sai Arlit. Waɗansu su zarce Yamai har bakin teku. Waɗansu kuwa, musamman masu Peugeot 504, su sayar da motar a nan, su koma gida ta jirgin sama.

Wannan zamani ya wuce. Tawayen arewa na 1990 zuwa 1995 da rikicin da ya ɓarke a Aljeriya cikin 1992 su ne suka fara toshe hanyar. Ta ɗan farfaɗo, sai aka sace Turawa ƴan yawon buɗe ido 32 a kudancin Aljeriya cikin 2003, tawaye ya sake tashi cikin 2007, aka kuma sace ma'aikata a Arlit cikin watan Satumba na 2010. Tun daga nan labulen nan ya ɓace daga tashoshin arewa. Amma sana'ar mayar da mota ɗaki ba ta mutu ba a can inda ta fito. Tun cikin 1951 wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia ya fara sa gado da tebur cikin ƙaramar bas ɗin nan ta Volkswagen da ake kira Kombi, kuma bayan annobar korona ta 2020 abin ya ƙara bunƙasa a Turai da Amurka, inda matasa ke sayen tsohuwar motar ɗaukar kaya, irin su Sprinter ko Ducato ko Master, su shafe watanni suna sassaƙa cikinta da hannunsu, da burin su yi nesa da gari, inda babu wayar lantarki, babu famfo.

Mai karatu na iya cewa wannan ai wasan masu ƙoshi ne, ina ruwan mutumin Maraɗi da shi? Da ruwansa. Masu yi wa dabbobi allura da ke bin makiyaya har Ingal, da masu haƙa rijiyoyi, da ma'aikatan rigakafi, da masu neman zinariya da suka yi tururuwa zuwa Jado tun 2014, da direbobin hanyar Dirku, dukansu mota ce gidansu na kwanaki, ko sun kira ta haka ko ba su kira ba. Abin da Bature ke yi don nishaɗi, su don neman abinci suke yin sa, kuma daji bai san bambancin ba. Tambayar da ke gaban kowa ɗaya ce: me za a ɗora wa mota, me za a bari?

Kuskuren da ya fi yawa ga masu gina irin wannan mota shi ne su fara daga gado. Su auna tsawon katifa, su zaɓi launin katako, su yi gardama a kan inda madubi zai zauna, sai aiki ya ƙare sannan su tuna da ruwa. Tsohon direban Agadas daga ɗaya gefen yake farawa: ruwa, mai, taya, kayan gyara. Abin da ya rage na wuri da nauyi, shi ne rabon barci.

Dalili kuwa lissafi ne. A Turai, permi na ƙananan motoci bai yarda a tuƙa abin da ya haura kilo 3,500 ba, wato motar da dukan abin da ke cikinta, kuma galibin motocin da ake mayarwa ɗaki a kan wannan iyaka aka ƙera su. To a ɗauka motar tana da kilo 2,200 ba komai cikinta. Saura 1,300. Mutum biyu sun ci 150. Katako, da gado, da ma'ajiyoyi, da murhu, da firiji, da batir, in ba a yi hattara ba sun cinye 450. Saura 700. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, lita 200 kilo 200 ke nan. Gazuwal ya fi ruwa sauƙi kaɗan, amma ƙarin lita 200 tare da bidodin ƙarfe 10 da za su ɗauke shi sun haura kilo 200. Taya ta biyu ta ko-ta-kwana, da jak, da shebur, da falankan fita daga rairayi, da akwatin kayan gyara, a ce 120. Abinci da tufafi 100. Mai lissafi ya duba abin da ya rage a hannunsa: bai wuce kilo 70 ba. Ke nan kowace ƙofar katako mai kauri da kafinta ya ƙara don ado, bido ɗaya na ruwa ta kora waje.

Nauyin ma ba yawansa kaɗai ake dubawa ba, har da mazauninsa. Abu mai nauyi ƙasa yake zama, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Waɗancan baƙi da ke jera bidodi cike da mai bisa rufi sun ba da sha'awa a hoto, amma motar da kanta ya fi gindinta nauyi, in ta hau gefen tudun rairayi ko taya ta fashe mata cikin gudu, kifewa take yi. Rufi na tabarma ne da bargo da bidon da aka riga aka juye.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce uwa. Abzinawa na cewa aman iman, wato ruwa shi ne rai, kuma ba a littafi suka koyo ba. Cikin bazara, mutum ɗaya na iya buƙatar lita 10 a yini don sha da dafuwa kawai, ban da wanka, ban da abin da injin zai nema in ya yi zafi. Mutum biyu, kwana 5, lita 100. Sai a ninka, domin tafiyar kwana 5 ba ta yi wa kowa alkawarin ƙarewa cikin kwana 5 ba. Masu gina mota a Turai sun fi son tanki guda babba a ƙarƙashin gado, da famfo mai aiki da lantarki, a murɗa ruwa ya zubo kamar a gida. Wannan tsari yana da aibi biyu a daji. Na farko, ruwan da ke zuwa da sauƙi da sauƙi yake ƙarewa, ba wanda ke ƙirga shi. Na biyu, wanda ya fi muni, tanki ɗaya huji ɗaya ya ishe shi. Dutse ya taɓa shi da hantsi, ko mahaɗar tiyo ta kwance, kafin azahar ƙasa ta shanye guzurin mako guda ba wanda ya sani. Shi ya sa masu ayarin gishirin Bilma ba su taɓa ɗora ruwansu duka bisa raƙumi ɗaya ba. A raba ruwa cikin bidodi masu lita 20, a san adadinsu kamar yadda makiyayi ya san garkensa, a ware biyu da ba a taɓawa sai rai ya kai ga wuya. Salka kuwa, wadda direbobi ke ratayawa a gefen mota iska na bugun ta, ko bidon da aka ɗinke da buhu ana jiƙa shi, har yau suna sanyaya ruwa ba tare da sun ci batir ba. Kada a manta da igiya doguwa da guga: rijiyar daji ba ta ajiye wa baƙo nata.

Mai ma haka. Motar da ke shan lita 12 a kilomita 100 bisa kwalta, in ta shiga rairayi mai laushi tana iya ninkawa. Daga Agadas zuwa Bilma kimanin kilomita 600 ne; wanda ya yi lissafin kwalta ya ɗauki lita 80, a tsakiyar Tenere zai gane kurensa. Mai hankali yana lissafi da mafi munin sha, ya ƙara sulusi don ɓata hanya da kewaye.

Wace irin mota? A nan ne ra'ayin Turai da na Agadas suka fi rabuwa. Sababbin motocin kaya na Turai suna da faɗi, mutum na tsayawa cikinsu ba ya sunkuyawa, ba su kuma shan mai da yawa. Amma kwamfuta ce ke tafiyar da injinsu, suna da matatar hayaƙi da ke son gazuwal mai tsabta ƙwarai, waɗansu ma sai an zuba musu wani ruwa na musamman da ake kira AdBlue, in ya ƙare motar ta ƙi tashi. Ƙaramar na'ura guda ta rikice, motar ta rage wa kanta ƙarfi, makanikin da ke da maganinta kuwa yana nesa da kilomita dubu. Ba banza ba kat-kat ɗin Toyota Land Cruiser, musamman jerin 70 da aka fara ƙerawa cikin 1984, ta zama raƙumar wannan zamani a arewa. Injinta na gazuwal mai silinda 6, wanda ya fito cikin 1990, ba shi da gaggawa, ba shi kuma da sirri: abin da ya lalace ana ganin sa da ido, ana kwance shi da hannu, kayansa kuma akwai su a kasuwar Agadas da ta Arlit. Cikinta matsattse ne, gaskiya ne, gado sai an naɗe shi da safe. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kafin Toyota, manyan motoci ne suka buɗe waɗannan hanyoyi. Cikin 1959 da 1960 kamfanin Berliet ya aiko da kamiyoyi masu taya 6 suka ratsa Tenere daga Janet ta Aljeriya har ƙasar Cadi, suna kafa alamun ƙarfe a hanya. Falankan nan masu huji da ake shimfiɗa wa taya in mota ta kafe kuwa, asalinsu daga yaƙin duniya na biyu ne, da su sojoji ke shimfiɗa filin saukar jiragen sama cikin gaggawa. Yanzu ana yin su da alminiyon ko roba mai ƙarfi, sun fi sauƙin ɗauka. Amma kafin a kai ga falanki, dabarar farko ita ce rage iskar taya, har ta sauko wajen rabin yadda take bisa kwalta ko ƙasa da haka, domin tafinta ya baje kamar na raƙumi. Wanda zai rage iska dole ya tanadi abin mayar da ita, gama taya mai laushi in ta hau duwatsun Abzin yagewa take yi. Famfon iska mai aiki da batir yana da daɗi, na ƙafa kuma ba ya mutuwa. A ɗauki duka biyu.

To sai ɗakin kansa. Babban maƙiyinsa ba rana ba ce, girgiza ce. Akwai irin hanyar nan da ta yi kunya-kunya kamar kwanon rufi, wadda direbobi ke kira tôle ondulée. Sa'a guda a kanta ta isa ta warware duk ƙusar da aka buga cikin katako, ta buɗe ƙofofin ma'ajiya, ta haɗa sukari da sabulu. Kafintan da ya saba aikin ɗakin kwana, in aka ba shi mota, sai ya yi mata kabad mai nauyi da ƙusa da gam, abin ya yi kyau ranar da aka karɓa, ya wargaje kafin Abalak. Aikin mota noti yake so, mai ratsa ƙarfen jikinta, da ƙashi na ƙarfe marar nauyi wanda mai walda ya haɗa, da falle-fallen katako siriri. Da yawa daga waɗanda suka daɗe a hanya sun ƙare da watsar da kabad ɗin gaba ɗaya, suka koma ga akwatunan ƙarfe ko na roba da ake ɗaurewa da ɗamara, a sauke su a zango, a zauna bisansu a sha shayi. Akwai wani dalili kuma da ya fi tsabtar sukari: in aka taka birki da ƙarfi, duk abin da ba a ɗaure ba yana tahowa gaba, tukunyar gas mai kilo 6 kuwa ba ta tambayar ƙeyar wa ta samu.

Jikin mota ƙarfe ne, da rana tanda, da dare randa. Saboda haka ake liƙa abin tsare zafi tsakanin ƙarfen da katakon ciki, a shafa wa rufi farin fenti, a buɗe ƙaramar taga a sama don zafi ya fita, a sa raga saboda sauro in an gangaro kudu. Duk da haka, cikin watan Afrilu babu dabarar da za ta sa cikin mota ya fi waje daɗi. Direban arewa ya san wannan, shi ya sa rumfarsa zane ne guda da ake ɗaurawa daga rufin mota zuwa sanduna biyu, gadonsa tabarma, ɗakin girkinsa gefen da iska ba ta bugowa. Gadon ciki ranarsa ita ce daren guguwa da daren hunturu, lokacin da sanyi a tsaunukan Abzin kan kai ruwa ya daskare. A irin wannan dare ne kuma ake yin gangancin da ya fi kowane kisa: a rufe tagogi, a shigo da murhun gawayin shayi ko a kunna gas don ɗumi. Wutar da ke ci a rufaffen wuri tana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum ya ji barci mai daɗi, shi ke nan. Motar da za a yi girki cikinta dole ta sami kafar iska a ƙasa da sama waɗanda ba a toshewa, tukunyar gas kuma ta zauna cikin akwatinta mai huji zuwa waje, domin gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya a ƙasa yake kwanciya.

Wutar lantarki ita ce inda zamani ya kawo sauƙi na gaske. Baƙin shekarun 1980 da fitilar kananzir da kyandir suka yi tafiyarsu. Yau faranti mai wat 200 bisa rufi, a ƙarƙashin ranar Sahel, yana iya tara abin da zai riƙe ƙaramar firiji da fitilu da cajin waya, muddin ana share masa ƙura kowace safiya, gama harmatan na rage masa ƙarfi ƙwarai. Batir na dalma, irin wanda aka saba, rabin abin da ke cikinsa kaɗai ya kamata a sha in ana son ya daɗe. Na lityom ana shan kusan duka, nauyinsa kuma bai kai rabin na dalma ba, sai dai tsada. Ko wanne aka zaɓa, ƙa'ida guda ba ta canzawa: batirin ɗaki daban, na tayar da inji daban. Mutumin da ya bar firiji ta kwana tana shan batirin inji, da safe yana da ruwan sanyi da mota matacciya, a wurin da ba a tura mota, domin rairayi ne. Ma'aikacin lafiya mai ɗauke da maganin rigakafi, shi firiji wajibi ce gare shi. Ga sauran jama'a, tana cikin abubuwan da ake sa wa hannu a ƙarshe, in nauyi ya bari.

Amma ko an cika duk waɗannan, mota ɗaya ba ta isa ba. Cikin 2013, motoci biyu suka tashi daga Arlit zuwa Tamanraset maƙare da mutane, galibinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram, talauci ya koro su. Ɗaya ta lalace. Ta biyun ta sauke mutanenta ta juya neman kayan gyara, ita ma ta mutu a hanya. Da aka kai gare su, gawa 92 aka tsinta a warwatse cikin daji kusa da iyaka, 52 yara ne, 33 mata. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana 3. Hanyar nan ita ce dai wadda masu labule suka riƙa bi suna ɗaukar hoto. Waɗannan bayin Allah ba su suka zaɓi motar ba, ba su suka ƙirga bidodin ba. Alhakin yana wuyan waɗanda suka karɓi kuɗinsu, suka cika wurin ruwa da fasinja. Duk mai shirya mota don daji, ko ta yawo ce ko ta haya, da wannan lissafi yake wasa in ya ce bido ɗaya ba komai ba ne.

Saboda haka ba a fita sai da mota biyu aƙalla, kowace da ruwan da zai riƙe mutanen duka biyun, da jagora ɗan ƙasa wanda ya san rijiyar da ta ƙafe bana. Na'urar GPS tana nuna inda mutum yake, ba ta nuna inda rairayi ke haɗiye mota, ba ta kuma san inda ƴan fashi suka yi zango ba. Wayar tauraron ɗan Adam, irin Thuraya da ta yaɗu a arewa tun farkon shekarun 2000, ta fi gado da firiji da madubi a haɗe. A sanar da hukuma ranar tashi da ranar da ake sa ran isa, a bi ƙa'idar rakiya inda aka sa ta. Ba a fafe gora ranar tafiya: motar da aka gama ginawa, a ɗora mata kayanta duka, a kai ta ma'aunin manyan motoci a ga gaskiyar nauyinta, sannan a kwana biyu da ita a dajin da ke kusa da gari, inda in wani abu ya kwance ana iya komowa da ƙafa.

In kuma abin da ake gudu ya auku, ba a barin mota. Cikin watan Janairu na 1982, a tseren Paris-Dakar, ɗan Firaministar Ingila ta lokacin, Mark Thatcher, ya ɓace a kudancin Aljeriya tare da abokan tafiyarsa biyu bayan Peugeot 504 ɗinsu ta karye. Kwana 6 ana neman su, har jirgin sojan Aljeriya ya hango su da rai, suna nan kusa da motarsu. Daga sama ana ganin mota, ba a ganin mutum mai tafiya a ƙasa, kuma mai tafiya cikin rana yana ƙone ruwan jikinsa ninkin na wanda ke kwance a inuwa. A kafa rumfa, a kwanta ƙarƙashinta har rana ta yi sanyi, a raba ruwa da ma'auni, a cire madubin gefe a ajiye kusa don haska wa jirgi. Ita kuwa taya ta biyu da aka yi ta jayayya a kan nauyinta tun a gari, a mirgina ta nesa da motar, a sace mata iska, a tanadi ɗan mai da ashana a gefenta. In an ji ƙugin inji daga nesa, baƙin hayaƙinta yana tashi sama a hango shi daga kilomita masu yawa.